Yadda Ake Zaɓen Kayan Wasa Masu Ƙarko da Amfani ga Ƙananan Yara

Lokacin Sallah, suna, ko dawowa daga tafiya, da yawa daga cikinmu kan tsaya a kasuwa mu sayo wa yara tsaraba. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ake ɗauka: mota mai fitilu da jiniya, wayar roba mai waƙa, bindiga mai harsashin roba. Kafin mako ya zagayo batir ya mutu, taya ta fita, yaro ya koma wasa da kwalin da aka sako abin a ciki. Asarar kuɗin ita ce ƙaramar matsala. Ɓaraguzan da suka fita daga irin waɗannan kaya suna cikin abubuwan da likitoci ke cirowa daga hanci, kunne, maƙoshi da hanyar numfashin yara.

Wannan bayani ya shafi yara daga haihuwa zuwa shekara 6. Ya ƙunshi irin kayan wasan da suka fi amfanar yaro, yadda ake gane mai ƙarko, haɗurran da za a kiyaye, da abin da za a yi idan yaro ya haɗiyi wani abu.

Me ya sa wasa ya shafi lafiya?

Ƙwaƙwalwar yaro tana girma a shekarun farko da saurin da ba za ta sake yin irinsa ba. Kafin ya kai shekara 6 ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba. Abin da ke gina ta a wannan lokaci shi ne abinci mai gina jiki, kariya daga cututtuka, da mu'amala: a yi masa magana, a amsa masa, a bar shi ya taɓa, ya jefa, ya ɗora, ya rusa. Ta wasa yaro ke koyon riƙe abu da yatsu, daidaita ido da hannu, jiran layi, haƙuri idan gini ya rushe, da sababbin kalmomi.

Akwai wani sanannen bincike da aka fara a birnin Kingston na ƙasar Jamaika a 1986 da 1987, a kan yara 129 masu watanni 9 zuwa 24 waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar da su. Ma'aikatan lafiya sun riƙa ziyartar wasu daga cikin gidajen sau ɗaya a mako har shekara 2, suna koya wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Bayan kimanin shekara 20 aka sake bibiyar yaran, aka tarar waɗanda aka yi wa wannan ziyara suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kashi 25 cikin 100. An wallafa sakamakon a mujallar Science a 2014. Abin lura shi ne kayan wasan da aka yi amfani da su ba na kanti ba ne.

Kayan wasa masu fuska da yawa

Kayan wasa iri biyu ne. Akwai wanda aiki ɗaya kawai yake yi: a danna maɓalli ya yi waƙa, a sake dannawa ya maimaita. Yaro kan gane shi cikin mintuna kaɗan, daga nan ya zama ɗan kallo. Akwai kuma wanda ba shi da ƙayyadajjiyar hanyar wasa, yaron ne ke yanke abin da zai zama. Tubalan katako yau gida ne, gobe mota, jibi shagon mai shayi. Irin wannan shi muke kira mai fuska da yawa.

Misalansu:

- tubalan katako, da tubalan roba manya masu shiga juna
- kofuna ko ƙoƙuna masu shiga cikin juna
- ƙwallo
- 'yar tsana ta tsumma da ɗan zanen goyo
- ƙananan tukwane, ludayi, faifai da ƙwarya
- mota ko amalanken katako marar batir
- dabbobin katako ko na roba mai kauri
- yumɓu, yashi mai tsabta, alli, takarda da fensir mai launi
- babban kwali, tsofaffin zannuwa da huluna na wasan kwaikwayo
- littattafan hotuna masu kauri

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Motar kara, motar gwangwani, gare, tuwon ƙasa, 'yar tsanar da ake yi wa kitso da lalle, shanun yumɓu da yara ke ginawa a bakin rafi, duk suna cikin wannan rukuni. Yaron da ya fere kara ya haɗa mota ya auna, ya gwada, ya gyara, kafin ma ya fara tura ta. A Turai ma tunanin ya daɗe. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya ƙirƙiro makarantar renon yara a wajen 1840, ƙwallayen zare da tubalan katako ya tsara wa ɗalibansa.

Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta fitar da rahoto a ƙarshen 2018 kan zaɓen kayan wasa, inda ta ce waɗanda suka fi dacewa su ne masu sauƙi da ke jawo yaro da mai renonsa su yi wasa tare, kuma rubutun "mai koyarwa" da ake yi a jikin kwalin kayan lantarki sau da yawa ba shi da hujjar bincike.

Wani ƙaramin bincike da aka wallafa a mujallar JAMA Pediatrics a 2016 ya naɗi muryoyin iyaye 26 da jariransu masu watanni 10 zuwa 16 a gida. Lokacin da ake wasa da kayan lantarki masu magana, iyaye sun fi yin shiru, kalmominsu sun ragu, jariran ma sun rage gwalantu. Da aka koma tubala da littattafai, hira ta ƙaru, littattafai kuma suka fi kowanne jawo magana. Dalilin a fili yake: idan abin wasa na surutu, babba kan ja bakinsa, alhali daga bakin mutum yaro ke koyon harshe.

Yawa ba shi ne amfani ba

A Jami'ar Toledo ta Amurka an gwada yara 36 masu watanni 18 zuwa 30. Wani lokaci a ba su kayan wasa 4, wani lokaci 16. Da aka ba su 4 sun fi daɗewa a kan kowane ɗaya, sun kuma fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi. An wallafa wannan a 2018. Binciken ƙarami ne, amma ya yi daidai da abin da iyaye ke gani a gida.

Saboda haka abu ɗaya mai kyau ya fi biyar masu araha. Idan kayan wasa sun yi yawa a gida, a raba su kashi biyu ko uku, a ɓoye wasu, a riƙa musanyawa bayan mako ɗaya ko biyu. Wanda aka ɓoye kan dawo wa yaro tamkar sabo.

Abin da ya dace da kowane shekaru

*Haihuwa zuwa wata 6.* Fuskar uwa da muryarta sun fi kowane abin wasa. Za a iya ƙarawa da kacau-kacau mai sauƙin riƙewa wanda ba ya buɗewa, ƙyalle mai launi, da madubin roba marar fashewa. Jariri na buƙatar a kwantar da shi rub da ciki yana farke, ana kallonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 30 a rana, a rarrabe.

*Wata 6 zuwa 12.* Komai baki yake kai wa. A ba shi kofuna masu shiga juna, babbar ƙwallo mai laushi, ludayin katako da kwano ya riƙa bugawa, da littafin ƙyalle ko na kwali mai kauri. Sa abu a kwano da juye shi, da ɓoye abu a ƙarƙashin zane ya nemo, manyan darussa ne a wannan lokaci.

*Shekara 1 zuwa 2.* Abin turawa mai nauyi a ƙasa wanda ba ya kifewa, manyan tubala, 'yar tsana, ƙwallo, akwatin da ake zura siffofi ta ramukansa, da fensir mai kauri na kakin zuma.

*Shekara 2 zuwa 3.* Wasan kwaikwayo ya fara: girki, goyo, tuƙin mota, saye da sayarwa. Kayan girki na wasa, dabbobi, motocin katako, hoton da ake haɗawa mai manyan gutsattsari 4 zuwa 12, yumɓu da yashi.

*Shekara 3 zuwa 6.* Tubala masu yawa don gini mai hawa, keke mai taya uku, igiyar tsalle ga manya daga cikinsu, almakashi marar tsini, takarda da launuka, kayan likita ko na kafinta na wasa, da wasannin da ake bin layi.

Shekarun da aka rubuta a jikin kwali gargaɗin haɗari ne, ba ma'aunin basira ba. Alamar jan da'ira mai fuskar jariri da rubutun 0-3 tana nufin akwai ƙananan sassa a ciki. Ko yaro ɗan shekara 2 ya kai wayon ɗan 4, faɗin hanyar numfashinsa na ɗan shekara 2 ne.

Ba lallai ne a ware tubala da ƙwallo ga maza, 'yar tsana ga mata kaɗai ba. Yarinya na buƙatar gini da guje-guje, yaro na amfana da wasan reno da girki.

Yadda ake gane mai ƙarko

Ƙarko da aminci a haɗe suke, domin abin wasa ya fi zama haɗari bayan ya karye. Kafin a biya kuɗi:

1. A ja ido, hanci, maɓalli da tayoyi da ƙarfi. Abin da ya motsa a hannun babba zai fita a bakin yaro. Ga 'yan ƙasa da shekara 3, 'yar tsana mai idon zare ta fi mai idon roba ko na dutsen ado.
2. A matsa robar. Sirirya mai ƙara kamar za ta tsage takan fashe ta bar kaifi. Mai kauri, wadda aka zuba a dunƙule, ta fi daɗewa.
3. A shafa gefuna da yatsa don jin kaifi, sartse, ko kan ƙusa.
4. A kankare fentin da farce. Idan ya ɓare ko ya bar launi a hannu, a ajiye shi.
5. A sansana. Warin roba ko na kananzir mai ƙarfi alama ce ta kayan haɗi marasa inganci.
6. A girgiza. Idan kacau-kacau ce ko wani abu mai 'ya'ya a ciki, a tabbata haɗin ba zai buɗe ba.
7. A duba ɗinki, kada auduga ko soso ya riƙa leƙowa.
8. A tambayi kai: zai wanku da ruwa da sabulu? Idan ya lalace zai gyaru? Ƙanensa zai gaje shi?

A nemi sunan kamfani, ƙasar da aka yi shi, da shekarun da ya dace da su. Alamar CE da lambobin EN 71, ASTM F963 ko ISO 8124 suna nuna ƙa'idojin ingancin kayan wasa na Turai, Amurka da na duniya. A Najeriya hukumar SON ce ke kula da ingancin kayan da ake shigowa da su. Sai dai ana buga alamun jabu, don haka alama ba ta maye gurbin dubawa da hannu.

Kafinta na unguwa zai iya yanka tubala daga ragowar katako mai ƙarfi. A ce masa kowane ɗaya ya kai aƙalla santimita 5 ta kowane ɓangare, ya goge gefuna da samfefa har su yi sumul, kada ya shafa fenti ko banish, kada kuma ya yi amfani da katakon da aka jiƙa da maganin gara ko baƙin mai. Tela kuma zai iya ɗinka 'yar tsana da ƙwallon tsumma daga ragowar atamfa.

Haɗurran da ya kamata a sani

*Shaƙewa.* Wannan ne babban haɗari ga 'yan ƙasa da shekara 3. Ma'aunin da hukumomi ke amfani da shi wani bututu ne mai faɗin santimita 3.17, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya bai dace da su ba. Ga ƙwallo kuwa, faɗinta ya wuce santimita 4.5. A gida za a iya gwadawa da kwalin tsakiyar tishu: abin da ya wuce ta ciki a nisanta shi da ƙaramin yaro. Wannan ya haɗa da tsakiya, 'ya'yan carbi, tsabar kuɗi, murfin biro, ƙwallon dabino, gyaɗa, da duwatsun carafke na yayyensa.

*Balan-balan.* Wadda ba a hura ba, ko guntun wadda ta fashe, takan manne a hanyar numfashi ta toshe ta ruf, kuma tana da wuyar fitarwa. Kada a bar yaro ɗan ƙasa da shekara 8 da ita ba babba a kusa, a kuma tsince gutsattsarin nan take.

*Batir mai kama da kwabo.* Ana samun sa a motoci masu fitila, agogo, rimot da takalma masu walƙiya. Idan ya maƙale a maƙoshi, wutar da ke cikinsa tana haɗuwa da yawu ta samar da sinadari mai ƙuna irin na soda, wanda kan iya yin mummunar illa cikin awa 2 kacal. Mafi haɗari shi ne mai faɗin milimita 20, irin CR2032. Ko wanda ya daina aiki yana iya ƙona nama. Kada a sayi abin wasan da murfin batirinsa ba a ɗaure yake da sukuru ba.

*Maganaɗisu.* Idan yaro ya haɗiyi biyu ko fiye, ko ɗaya tare da ƙarfe, sukan jawo juna ta bangon hanji su huda shi. Da farko yaron kan yi kamar lafiyarsa ƙalau.

*Ƙwallayen da ke kumbura a ruwa.* Ƙananan ƙwallaye masu launi da ake jiƙawa su yi girma suna ci gaba da kumbura a ciki har su toshe hanji, kuma ba kasafai suke fitowa a hoton eksire ba.

*Dalma.* Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, ta jawo ƙarancin jini, galibi ba tare da alamar da iyaye za su gani ba. Arewa ta ga mafi munin illarta a Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu sakamakon ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a gidaje. A kayan wasa takan zo ta fenti da sarƙoƙi ko zobban ƙarfe masu araha. A 2007 kamfanin Mattel ya janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwannin duniya saboda fenti mai dalma da maganaɗisun da ke fita. Kayan gwanjo masu tsohon fenti suna buƙatar ƙarin taka-tsantsan, kuma kada a bar yara su yi wasa da tsohon batirin mota ko na tocila.

*Igiya da leda.* Igiyar da ta isa zagaye wuya ba ta dace da jariri ba. Kada a rataya masa abin tsotso ko abin wasa a wuya. Ledar da aka naɗo kaya a ciki a zubar da ita nan take.

*Bindigar wasa da nakiyar wasa.* Harsashin roba na iya fasa ido ko ya tara jini a cikinsa, har a rasa gani. Abubuwan fashewa da ake sayarwa lokacin bukukuwa suna ƙona hannu da fuska. Ba kyautar yara ba ne.

*Ƙara.* Yaro kan manna abin wasa a kunnensa. Idan ƙarar ta dami babba da ya kara shi a kunne, ta yi wa yaro yawa.

*Keken koyon tafiya.* Ba ya sa yaro saurin tafiya, yana kuma kai shi ga matakala, murhu da ruwan zafi cikin ƙiftawar ido. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004.

*Ruwa.* Ƙaramin yaro na iya nutsewa a bokiti ko baho mai ɗan ruwa kaɗan. Wasan ruwa sai babba na tsaye a wurin.

Waya da talabijin

Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 sun ce kada a zaunar da yaro ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allo. Daga shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 a rana, ƙasa da haka ya fi. Yara masu shekara 1 zuwa 4 suna buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a rana, a rarrabe. Saboda haka kwamfutar hannu ta yara ba ta cikin kyaututtukan da likitoci ke ba da shawara a wannan shekaru. Ƙwallo ta fi ta.

Tsabta da adanawa

Abin da jariri ke sa wa a baki a wanke shi kullum da ruwa da sabulu, a shanya a rana, musamman bayan gudawa ko mura. Katako a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, kada a jiƙa shi a ruwa don kada ya tsage. Kayan roba masu ɗan rami da ruwa ke shiga sukan yi funfuna a ciki. 'Yan tsana masu gashi suna tara ƙura, wadda kan tayar da asma, sai a riƙa wanke su akai-akai. Kada a sa 'yar tsana ko matashi a shimfiɗar barcin jaririn da bai kai shekara 1 ba.

A gidan da yara suke da yawa, a ware kayan manya masu ƙananan sassa a mazubi mai murfi, a ɗora a sama. A riƙa duba kayan wasa lokaci-lokaci, wanda ya tsage a gyara ko a jefar.

Idan yaro ya shaƙe

Idan yana tari da ƙarfi ko yana kuka, iska na wucewa. A bar shi ya yi tarin, a tsaya kusa da shi. Kada a zura yatsa a bakinsa ana lalube, don hakan na iya tura abin ciki. Kada a ba shi ruwa.

Idan ba ya iya kuka, tari ko numfashi, ko leɓensa ya fara canza launi:

- *Ɗan ƙasa da shekara 1:* a kifa shi a kan hannu, kansa ya yi ƙasa da ƙirjinsa, a tallafe haɓarsa, a buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu sau 5. Idan abin bai fito ba a juyo shi, a danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsu biyu sau 5. Kada a matsa cikin jariri.
- *Wanda ya haura shekara 1:* a sunkuyar da shi, a buga bayansa sau 5. Sannan a tsaya ko a durƙusa a bayansa, a sa dunƙulen hannu tsakanin cibiya da ƙashin ƙirji, a ja ciki da sama sau 5.

A ci gaba da maimaitawa yayin da wani ke neman abin hawa. Idan ya suma, a kwantar da shi a fara danna ƙirji da hura masa numfashi, a garzaya asibiti. Ko abin ya fito, a kai shi likita ya duba shi idan an matsa masa ciki ko ƙirji.

Yaushe za a garzaya asibiti?

- An ga ko ana zargin ya haɗiyi batir ko maganaɗisu, ko da yana wasansa lafiya. Kada a sa shi amai. Idan batir ne, yaron ya haura wata 12, yana iya haɗiya, kuma abin bai wuce awa 12 ba, za a iya ba shi zuma ƙaramin cokali 2 duk bayan minti 10, har sau 6, a kan hanyar asibiti. Zuma na rage ƙunar ne kawai, kada nemanta ya jinkirta tafiya. Ba a ba jariri ɗan ƙasa da shekara 1 zuma.
- Dalalar da yawu, ƙin cin abinci, amai ko ciwon ƙirji da suka zo farat ɗaya.
- Tari ko numfashi mai fito da ya fara kwatsam lokacin wasa ko cin abinci, ko da ya lafa daga baya.
- Majina mai wari daga kafar hanci ɗaya, ko abu a kunne. Kada a yi ƙoƙarin cirowa da tsinke ko ashana.
- Ciwon ciki, kumburi ko koren amai.
- Duk wani rauni a ido. A rufe shi da abu mai tsabta ba tare da dannawa ba, kada a ɗiga komai.

Idan akwai kwalin abin wasan ko irin batirin, a tafi da shi don likita ya gani.

Kafin a ba da kyauta

A tambayi iyayen shekarun yaron, abin da yake da shi, da ko akwai ƙanensa mai rarrafe a gidan. A cire leda, waya da ƙusoshin kwali kafin a miƙa masa. Wanda ya kawo kyautar kuma ya zauna a tabarma na minti goma ya yi wasan tare da yaron, yana faɗa masa sunayen abubuwa da launuka, yana barin sa ya ja gaba. Yaron da ke da jinkirin magana, matsalar ji ko gani, ko wata nakasa, a nemi shawarar likitan yara kan kayan wasan da za su fi taimaka masa.